Ragar Da Ke Tsare Lagireton Tsohuwar Motar Tsere

Duk wanda ya taɓa ganin hoton motocin tsere na Ingila na wajen shekarar 1930 zai tuna da wata raga ta waya da ke gabansu, kamar rariya, tsakanin fitilu biyu. Da yawa su kan ɗauka ado ne kawai. Gaskiya tana yi wa mota kyau, amma asalinta garkuwa ce, an yi ta domin ta tsare lagireto daga jifar tsakuwa. Har yanzu masu riƙon irin waɗannan motoci a Ingila da Amurka suna ƙera ta da hannunsu. Aikin ƙarami ne, amma akwai lissafi a cikinsa, da ƙira, da sanin halin ƙarfe. Wuyarsa guda ɗaya ce: ana son raga ta hana dutse wucewa, ta kuma bar iska ta wuce. In ta yi na farko ta kasa na biyu, ɓarnarta ta fi amfaninta.

Abin da a ke tsarewa

Inji yana ƙona fetur ne domin ya sami ƙarfin tura mota, amma ba dukan zafin ke zama ƙarfi ba. Wani ya kan bi salansa ya fita, wani kuwa, kimanin kashi ɗaya cikin uku, ruwa ne ke kwashe shi. Ruwan yana zaga jikin inji, ya ɗauki zafi, ya hau saman lagireto, sa'an nan ya gangaro ta cikin ƙananan hanyoyi masu yawa, iska tana ratsa tsakaninsu tana hura su. Kafin ya kai ƙasa ya huce, sai ya koma inji.

Domin zafi ya fita da sauri, tilas bangon waɗannan hanyoyi ya zama siriri ƙwarai. Da tagulla ko jan ƙarfe a ke yinsu, kaurinsu bai fi na takarda mai ɗan ƙwari ba, kuma da dalma a ke liƙe su. Wilhelm Maybach na Jamus shi ne ya fito da lagireto mai kama da saƙar zuma, wanda aka sa wa motar Mercedes ta 1901, mai ƙananan bututu fiye da dubu takwas. Ku duba fa, abu mai rauni haka shi aka ajiye a goshin mota, inda kowane irin jifa zai fara samu. Ba kuwa yadda za a yi a ɓoye shi, gama can ne iska ta ke.

In dutse ya huda hanya ɗaya tak, ruwa zai riƙa tsiyaya. Direba ba ya gani, domin iska tana watsa ruwan a ƙarƙashin mota. Sa'ad da allurar ma'aunin zafi ta haura, watakila ruwa ya riga ya yi ƙasa. In bai lura da wuri ba, kan inji ya lanƙwashe, ko kuwa injin ya buga gaba ɗaya. Ga motar da aka daina ƙerawa shekara saba'in da suka wuce, wannan hasara ce babba. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Darasin Le Mans

A watan Mayu na 1923 aka fara tseren awa 24 a kusa da garin Le Mans na ƙasar Faransa. Hanyoyin ƙauye aka rufe aka yi tseren a kansu, zagaye ɗaya kusan mil 11, galibinsu tsakuwa ce da ƙasa, ga kuma ruwan sama. Mota 33 suka tashi. Ɗaya daga cikinsu Bentley ce mai inji lita 3, John Duff da Frank Clement suna karɓa-karɓar tuƙi. Cikin dare dutse ya fasa musu fitila guda. Kashegari wani dutsen ya huda tankin fetur, mai ya zube, mota ta tsaya nesa da wurin gyara. Sai da ɗayansu ya ari keke, ya rataya garewanin fetur, ya je aka toshe ramin da tsinken itace. Sun yi hasarar fiye da awa biyu. Motarsu ce ta fi kowace saurin zagaye a wannan tsere, amma duk da haka ta huɗu suka zo. Motar Chenard-Walcker ta Faransa ita ta ci.

Da shekara ta kewayo, a 1924, suka komo da shiri. An sa wa mota birki a ƙafafun gaba, an rufe fitilu da ragar waya, an yi wa tanki kariya. A wannan karo suka ci. Daga nan motocin tseren Bentley suka riƙa fita da raga a gaban lagireto da fitilu, suka kuma sake cin tseren a 1927, 1928, 1929 da 1930. Ragar ta zama alamar motar da ta san fage, har masu motocin yawo suka shiga kwaikwaya. Saƙar da ke fuskar Bentley ta zamanin nan ma daga can ta samo kamanninta.

Ƙarfin tsakuwa

Wani zai ce, ina ƙarfin da tsakuwa ta ke da shi? Bari mu auna. Dutse mai faɗin inci ɗaya, watau milimita 25, nauyinsa ya kai kimanin giram 20. Sa'ad da tayar motar gaba ta cilla shi sama, ya kan rage gudu a cikin iska, motar baya kuwa ta zo ta afka masa da dukan gudunta. In tana mil 60 a awa, bugun da zai yi daidai ya ke da a saki guduma mai kilo ɗaya daga tsawon kusan ƙafa biyu da rabi, ta faɗo da tsininta a kan wuri ɗaya. Bangon tagulla mai kaurin takarda ba zai jure wannan ba.

Akwai ƙa'ida biyu da ya kamata a riƙe. Ta fari, in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugu ya kan ninka sau huɗu. Saboda haka motar tsere ta fi motar kaya bukatar raga. Ta biyu, nauyin dutse yana raguwa da sauri ƙwarai in girmansa ya ragu. Tsakuwa mai milimita 5 ta fi mai milimita 25 sauƙi sau 125, gama biyar sau biyar sau biyar ke nan. Irin wannan ko ta wuce, iyakarta ta lanƙwasa ɗan fiffiken lagireto. To, ashe ba a bukatar raga ta tare kowace ƙwayar yashi. Manya kaɗai a ke nema ta tare, kuma wannan shi ya ba mu damar buɗa idonta saboda iska.

Misalin motar MG

Mu ɗauki MG TC, wadda aka ƙera a garin Abingdon na Ingila daga 1945 zuwa 1949. Kimanin dubu goma aka yi, an kai da yawa Amurka, injinta 1,250 cc ne. Lagiretonta yana tsaye kyam a gaba, cikin wata riga ta ƙarfe mai ƙyalli, da sanduna a tsaye a fuskarta. Sandunan suna tare babban dutse in ya zo daidai kansu, amma wanda ya zo tsakaninsu ya wuce.

Ga wani abu kuma. Motocin zamanin nan murfin lagiretonsu yana matse ruwa, saboda haka ya kan wuce digiri 100 bai tafasa ba. Na TC ba haka ya ke ba, ruwanta a sake ya ke, da ya kai digiri 100 sai ya tafasa, a kan tudu mai tsawo ma tun bai kai ba. Ratar da ke tsakanin zafin aiki da tafasa ƙarama ce. Duk iskar da raga ta tare, daga cikin wannan 'yar rata a ke cire ta.

Zaɓen raga

Kafin a sayi raga sai a auna abu biyu: faɗin ido da kaurin waya. Daga nan a ke sanin kashi nawa na fuskarta ke buɗe. Ga yadda a ke yi. A tara faɗin ido da kaurin waya, a raba faɗin ido da jimlar, abin da ya fito a ninka shi da kansa. In ido milimita 6 ne, waya milimita 1, jimla 7 ke nan. Shida bisa bakwai sau shida bisa bakwai ya ba da 36 bisa 49, watau kashi 73 cikin ɗari a buɗe. In kuwa ido milimita 2 ne da wannan waya, biyu bisa uku sau biyu bisa uku, 4 bisa 9 ke nan, kashi 44 kaɗai. Farantin ƙarfe mai huji-huji ya fi wannan muni: wanda raminsa milimita 5 ne, tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami milimita 8, kashi 35 kawai ke buɗe.

Bambancin ya fi yadda lambobin suka nuna. Iskar da za ta bi ta raga mai kashi 44 tilas ta ninka gudunta fiye da sau biyu a cikin idon, kuma tirjiyar da ta ke samu tana ƙaruwa da ninkin gudun a kansa. A TC kuwa sandunan fuska sun riga sun ci nasu rabon. Saboda haka abin da ya dace shi ne raga mai ido milimita 6 zuwa 10, waya milimita 1 zuwa 1 da rabi, wadda buɗinta bai gaza kashi 70 ba. Ragar sauro ta taga ba ta wannan aiki. Wayarta ba ta da ƙarfin tare dutse, ƙwari da ƙaiƙayi kuma su kan toshe ta cikin tafiya guda.

A nemi saƙaƙƙiyar raga wadda aka lanƙwasa wayoyinta a wurin da suka haɗu, domin kada su zame ido ya buɗe. Game da ƙarfe, na dā da tagulla ko baƙin ƙarfe a ke yi, a shafe da ruwan ƙyalli. Yanzu an fi amfani da ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya gano a Sheffield a 1913. Yana da ƙarfi, ba ya bukatar fenti, sai dai yana da wuyar yanka. Alminiyam yana da sauƙin aiki, amma dutse ya kan lotsa shi, kuma in ya jingina da tagulla cikin laima ya kan ci ya zama gari.

Wurin da za ta zauna

Wuri biyu ne. Ana iya sa ta a waje, gaban rigar lagireto, irin ta Bentley. Nan akwai sarari, cire ta ba wuya, tana kuma tsare sandunan su kansu, amma ta kan sāke kamannin mota. Ana kuma iya ɓoye ta a ciki, tsakanin sanduna da lagireto, a shafa mata baƙin fenti yadda ba mai lura. Can wurin a matse ya ke, sai an cire riga kafin a kai gare ta.

Ko ina aka zaɓa, ƙa'ida ɗaya ce: raga kada ta taɓa lagireto. A bar rata aƙalla rabin inci, in da hali kusan inci ɗaya. Dalili biyu ne. Sa'ad da dutse ya bugi raga ta kan lotsa baya, da haka ta ke shanye bugun. In ba rata, sai ta miƙa wa lagireto dukan da ta sha. Na biyu, mota tana karkarwa kullum, wayar da ke gogar tagulla kuwa magagari ce, a hankali za ta huda abin da aka sa ta tsaro. Saboda wannan dalili ne kuma ba a ɗaure raga da waya ta cikin lagireto. In sararin ciki bai kai rabin inci ba, a haƙura a sa ta a waje.

Ƙira

Da fari a yanka kwali daidai da siffar wurin. A gwada, a rage, a sake gwadawa, har ya zauna daram. A yi alama inda murfin ruwa ya ke, da tambarin mota, da inda hannun tayar da inji ke shiga, in hanyarsa ta bi ta nan. Fuskar tsohuwar mota ba safai dama da hagu su ke daidai ba, domin ta sha gyara, saboda haka a rubuta "gaba" a kan kwalin kada a juya shi.

Sa'an nan a zana siffar a kan katako mai faɗi, a kafa ƙananan gutsattsarin itace a bin layin. Wannan shi ne abin da za a lanƙwasa zobe a kansa. Zoben da siririn ƙarfe mai faɗi a ke yi, misalin milimita 12 faɗi, 3 kauri. In tagulla ce, a gasa wurin lanƙwasa har ya yi ja-ja, a bari ya huce, zai yi laushi ya bi hannu ba tare da tsagewa ba. A haɗa bakin biyu a ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, da walda ko da dalmar azurfa. Zobe biyu a ke yi iri ɗaya, domin a sa raga a tsakaninsu.

Kafin a yanka raga a liƙa tef a kan layin yanka, ciki da baya, domin kada saƙar ta warware. A sa safar hannu da tabarau, gama gutsuren waya yana tsalle, bakinsa kuma allura ne. A yanka da almakashin ƙarfe, a bar ƙari kaɗan. In ana son idon ya tsaya a karkace kamar na motocin dā, sai a juya kwali kwana 45 a kan raga. Zai ci raga fiye da haka, bakinsa kuma ya fi saurin warwarewa. A shimfiɗa raga a kan zobe ɗaya, a duba layukanta sun miƙe, a ɗora na biyu, a matse su, a huda su tare, tsakanin rami da rami kamar inci uku. A fara ɗaure ƙusa ta sama da ta ƙasa, kana dama da hagu, ana jan raga kaɗan-kaɗan domin ta miƙe. Daga ƙarshe a datse abin da ya leƙo, a bi da magagari, har yatsa ya zaga bai ji ƙaya ba. Ragar da faɗinta ya wuce ƙafa ɗaya tana son siririyar sanda a bayanta, daga sama zuwa ƙasa, domin kada tsakiyarta ta riƙa kaɗawa.

Ɗaurawa

A nan ne mai gaggawa ya kan yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ramin da aka huda a rigar lagireto ta asali ya zauna ke nan, ƙyallin gefensa zai fara ɓarewa, darajar mota kuma ta ragu. Kada garin gyaran gira a rasa ido. A nemi ƙusoshin da su ke nan tun asali, kamar na mazaunin fitilu ko na rigar kanta, a ƙera ƙananan kunnuwan ƙarfe guda huɗu waɗanda za su kama a can, biyu sama biyu ƙasa. A gwada su da kwali tukuna kafin a yanka ƙarfe.

Akwai wata dabara da ba kowa ke lura da ita ba. Ƙashin waɗannan motoci dogayen ƙarafa biyu ne kamar tsani, yana murɗewa a kan hanya mai gargada, shi ya sa a ke zaunar da lagireto a kan roba domin ya ɗan motsa shi kaɗai. In aka ɗaure saman raga a jikin riga, ƙasanta kuma a jikin ƙashin mota da ƙarfi, an haɗa abu biyu da aka yi su domin su motsa dabam. Ƙarshenta kunne ya karye, ko riga ta tsage, ko dalmar lagireto ta buɗe. Saboda haka a ɗaure kunnuwa huɗun duka a jikin abu ɗaya. In ba hali, a sa roba mai kauri a na ƙasa domin su sami wasa.

Duk inda ƙarfe zai taɓa ƙyalli ko fenti a sa 'yar roba. Tana hana ƙara, tana hana gogewa, tana kuma raba ƙarfe iri biyu kada su ci juna. A yi amfani da noti mai kulle kansa, gama karkarwa tana kwance na banza. Bayan an gama a buɗe murfin inji a rufe, a buɗe murfin ruwa, a sa hannun tayar da inji a juya, a tabbata ba abin da ya tokare. A danna tsakiyar raga da babban yatsa da ƙarfi. In ta kai ga lagireto, rata ba ta isa ba.

Gwaji da kulawa

Ido ba ya iya faɗin ko raga ta tare iska da yawa, sai ma'aunin zafi. Tun kafin a ɗaura ta, a zaɓi hanya mai hawa, a bi ta da rana, a rubuta inda allura ta tsaya a kan gudu, da a kan hawa, da kuma bayan tsayuwar minti goma inji yana aiki. Bayan an ɗaura a sake bin wannan hanya a rana mai irin wannan zafi. In bambancin digiri biyu ne ko uku, raga ta yi. In ya fi haka, ko kuwa allura ta doshi 100 a kan hawa, a cire ta a nemi mai faɗin ido. A kula da tsayuwar nan musamman, domin a lokacin fanka kaɗai ke jan iska, fankar tsohuwar mota kuwa ba ta da ƙarfi sosai in inji yana tafiya a hankali.

Raga tana tara ƙwari da ganye, kuma raga mai kashi 73 in ta toshe rabi ta koma abin da muka guda. Bayan kowace doguwar tafiya a goge ta da buroshi. Sau ɗaya ko biyu a shekara a cire ta, a wanke lagireto da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba, domin datti ya fita ta inda ya shiga. A duba noti, a duba roba, a duba ko akwai wurin da ya yi sheƙi a jikin lagireto, gama wannan alamar guga ce. In an ga lotsawa a jikin raga, a miƙe ta kafin a mayar, domin ta cinye ratar da aka bari.

Masu koyon aikin ƙarfe a cikinmu za su iya gwada wannan ko ba mota. A sami gutsuren raga iri uku, a auna ido da waya, a fitar da kashin kowace, sa'an nan a riƙa su ɗaya bayan ɗaya a gaban fanka, a sa 'yar takarda a bayansu a ga yadda ta ke kaɗawa. Wanda ya yi haka sau ɗaya zai san ragar da zai nema a kanti tun bai taɓa almakashi ba.